Tsohuwar jar giyar Faransa da masu bin ta gari-gari: tambayoyi da amsoshi

Ɗalibin da ya tashi daga Maraɗi ko Damagaram zuwa karatu Faransa, ko ma'aikacin da aka tura taro birnin Lyon, ba ya daɗewa sai ya tsinci kansa a gefen teburin da ake gardama a kan kwalba ɗaya kamar ana rabon gado. Wannan ya ce ta 1989 ta fi, wancan ya ce ina, ai ta 1990 ce. Mu da addini ya haramta mana sha sai mu yi zuru muna kallon ikon Allah. Tambayoyin nan su ne waɗanda baƙi ke yawan yi bayan an tashi daga irin wannan zama. Ni ba na sha, kuma ba talla nake yi ba. Amma wanda ka zauna a garinsa, ya kamata ka san abin da yake ɗagawa murya a kai.

Yaya ake ajiye abin sha shekara 30 bai lalace ba?

Yawancinta lalacewa take yi. Mafi yawan giyar inabin da ke kan kanta a Faransa an yi ta ne don a sha cikin 'yan shekaru, in ta wuce haka sai ta salance. Kaɗan ce ƙwarai ke jure tsufa, kuma a kan wannan kaɗan ɗin ake duk hayaniyar.

Sirrin yana cikin bauri. Duk wanda ya tauna goro ya san yadda baki ke tsukewa, kuma duk wanda ya taɓa shiga majema ya ga yadda ake jiƙa fata da bagaruwa don kada ta ruɓe. Dangin sinadarin nan ɗaya ne, Faransawa na ce masa tanin, kuma yana cikin ɓawon inabi da ƙwayoyinsa. Ruwan inabi shi kansa kusan ba shi da launi. Jar giya tana yin ja ne saboda ana barin ruwan ya tsima tare da ɓawon na kwanaki ko makonni, ya kwashi launi da bauri. Daga nan a zuba a gangar katako, a Bordeaux mai cin lita 225, wato kwalba 300, ta yi shekara ɗaya zuwa biyu. Bauri da tsami su ne ke tsare ta.

A cikin kwalba abin yana ci gaba a hankali. Baurin yana laushi, wani abu kamar gari yana kwanciya a gindin kwalbar, launin yana komawa daga ja mai duhu zuwa kalar jan bulo. Ƙamshin 'ya'yan itace yana ja baya, sai masu sha su fara maganar ƙamshin fata, ganyen taba, naman kaza, ko jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kowace kwalba tana da ganiyarta, bayan nan sai gangara. Rabin gardamar masoyan abin a nan take: ta kai, ko da saura, ko ta riga ta wuce?

Kullum Bordeaux da Bourgogne nake ji. Mene ne bambancinsu?

Bambancin ya fi na ɗanɗano zurfi, ya taɓo yadda aka mallaki ƙasa.

Bordeaux tana kudu maso yamma, inda kogin Garonne da na Dordogne suka haɗu suka zama Gironde suka faɗa teku. Gonakin inabinta sun kai kusan hekta 100,000. A gaɓar hagu, wato Médoc, inda garuruwan Pauillac, Margaux, Saint-Julien da Saint-Estèphe suke, ƙasar tsakuwa ce, kuma inabin Cabernet Sauvignon ne sarki. Da can fadama ce, sai da injiniyoyin Holand suka janye ruwan a ƙarni na 17. A gaɓar dama, Saint-Émilion da Pomerol, yumɓu da farin dutse sun fi yawa, Merlot ke gaba. Mutanen Bordeaux gauraya iri suke yi, kuma sunan gida ake saye, abin da suke kira château. Gida ɗaya kamar Lafite yana da fiye da hekta 100. 'Yan kasuwa ne tun asali: tun da Eleanor, mai sarautar yankin Aquitaine, ta auri Henry a 1152, shi kuma ya zama sarkin Ingila a 1154, yankin ya zauna ƙarƙashin sarautar Ingila har 1453, jiragen ruwa suna ta jigilar ganguna zuwa Landan.

Bourgogne kuwa tana gabas, nesa da teku, tsakanin Dijon da Beaune da abin da ya yi kudu. Jar giyarta mai suna daga inabi ɗaya ake yin ta, Pinot Noir, kuma sunan fili ake saye. 'Yan zuhudun coci ne suka shafe ƙarnuka suna lura da wane gefen tudu ke ba da me, suna kewaye filaye da katangar dutse. Bayan juyin juya halin 1789 aka ƙwace filayen coci aka sayar, sannan dokar gado ta zamanin Napoleon ta sa kowane ɗa ya sami kaso. Duk wanda ya ga yadda gonar kaka ke komawa kunya biyar-biyar a hannun jikoki ya gane sauran labarin. Clos de Vougeot fili ne mai kimanin hekta 50 a cikin katanga ɗaya, amma masu shi sun kai wajen 80. Shi ya sa kwalba biyu za su ɗauki sunan fili ɗaya da shekara ɗaya, ɗaya a yabe ta, ɗaya a yi tsaki. Masoyin Bourgogne dole ya haddace fili, ya haddace manomi.

In kana so ka gane su daga nesa, kwalbar Bordeaux tana da kafaɗa a tsaye, ta Bourgogne kafaɗarta a zube take. Akwai na uku da ba a cika kawo shi gaba ba, kwarin kogin Rhône, mai Hermitage da Côte-Rôtie da Châteauneuf-du-Pape, kuma masoyansa kullum ƙorafi suke an raina musu.

Mene ne jerin 1855 da suke ambata?

Sarki Napoleon na Uku ne ya shirya babban baje koli a Paris a 1855, aka nemi dillalan Bordeaux su jera gidajen da suka fi daraja. Su kuwa suka duba littattafan ciniki, suka jera bisa farashin da kowane gida ya saba samu, suka kasa su aji biyar. Ajin farko gida huɗu: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Babban sauyi ɗaya aka yi tun daga lokacin, a 1973, da aka ɗaga Mouton Rothschild zuwa ajin farko bayan mai gidan ya shafe shekaru yana bin hukuma.

A ganina jerin ya fi kama da sarautar gargajiya: wanda ya gada ya gada. Gidaje sun sayi filaye sun sayar, wasu sun lalace sun farfaɗo, amma matsayin yana nan. Gaɓar dama ma ba a saka ta ba sam. Saint-Émilion ta yi nata jerin a 1955, ana sabunta shi kusan duk shekara goma, kuma a kan sabuntawar 2006 da ta 2012 sai da aka je kotu. Pomerol ba ta da jeri ko ɗaya, ga shi giyar gidanta na Pétrus na cikin mafi tsada a duniya.

Shekarar da ke jikin kwalba fa?

Shekarar da aka girbe inabin ce, ba ta zubawa a kwalba ba. Manomi ba ya buƙatar dogon bayani a nan: damina ba ta zama ɗaya. Raɓa mai daskarewa a Afrilu tana ƙona tohon, ƙanƙara tana kakkaɓe 'ya'ya, ruwan sama lokacin girbi a Satumba yana sa inabi ya sha ruwa ya ruɓe. Sanyin Fabrairun 1956 ya kashe kuranga masu yawa a Bordeaux har saiwa. Shekarun da ake ambata da girmamawa a can sun haɗa da 1945, 1961, 1982, 1990, 2000, 2005, 2009 da 2010, ita kuwa 2013 da an ambace ta sai a yamutsa fuska. Ta 1982 ce ta fito da Ba'amurken nan mai sharhin giya, Robert Parker, wanda ya yabe ta tun tana ganga lokacin da wasu ke shakka, kuma makin da yake bayarwa bisa 100 ya zo ya riƙa ɗaga farashi yana saukarwa.

Yaya suke kwatantawa?

Hanya uku ce. Ko dai a ɗauki gida ɗaya a jera shekaru daban-daban, a ga abin da yanayi da tsufa suka yi, wannan suna ce masa na tsaye. Ko a ɗauki shekara ɗaya a jera gidaje daban-daban, na kwance ke nan. Ko kuma a rufe kwalaben da takarda ko safa, kowa ya faɗi ra'ayinsa kafin a buɗe suna. Za ka ga suna karkata kofi a kan farar takarda don ganin launi, suna juya shi, suna cusa hanci, suna kurɓa su guntsa. A wurin aiki na sosai tofarwa suke yi a wani mazubi, don wanda zai ɗanɗana kala 30 ba zai haɗiye ba ya iya miƙewa. A liyafar abokai kuwa ba a cika tofarwa ba.

Da gaske suna gane bambancin, ko burga ce?

Duka biyun. Akwai masu horo da za su shinshina su ce wannan gaɓar hagu ce, ta kai shekara 20, kuma su dace. Amma ido yana yaudarar harshe. A 2001 wani mai bincike a Bordeaux, Frédéric Brochet, ya rina farar giya ta koma ja ya ba ɗalibai 54 masu karatun fannin, sai suka siffanta ta da kalmomin da ake siffanta ja.

Babban abin kunyar ya faru a Paris ranar 24 ga Mayu, 1976. Wani ɗan Ingila mai kantin giya, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa ya ba su kwalaben Faransa da na Kalifoniya a rufe. A ɓangaren ja, ta Stag's Leap ta 1973 daga Amurka ce ta zo ta ɗaya, ta doke Mouton Rothschild da Haut-Brion na 1970. Faransawa suka ce a bari su tsufa a gani. Aka sake zama a 2006, bayan shekara 30, sai wata ta Kalifoniya, Ridge Monte Bello ta 1971, ta sake ɗaukewa. In kana son zaman lafiya da mai masaukinka, kada ka tayar da wannan zance kafin a ci abinci.

Me ya sa duk garin da suka sauka sai sun nemi juna?

Lissafi ne. Kwalba santilita 75 ce, kuma tsohuwar giya da an cire toshiyarta kwananta ya ƙare, wata cikin awa ɗaya ƙamshinta ya gudu. Mutum ɗaya ba zai buɗe kwalba shida ya kwatanta shi kaɗai ba, ba aljihu ba ciki. Amma in mutum takwas suka haɗu kowa ya zo da ɗaya, kowa ya ɗanɗana takwas da kuɗin ɗaya. Wani irin adashi ne. Shi ya sa wanda aiki zai kai shi Paris ko Hong Kong ko New York tun da wata guda zai sanar da 'yan'uwansa na can, a tsayar da rana.

Zaman yana da ƙa'idoji da ba a rubuta ba. Ana tsayar da jigo, a ce Pauillac na shekarun 1980, kowa ya faɗi abin da zai kawo don kada a maimaita. Ana sa ran darajar kwalaben ta yi kusa da juna, wanda ya zo da mai araha ya sha masu tsada ba za a ce masa komai ba, amma ba za a sake kiransa ba. Mai hankali yana zuwa da ta biyu a jaka, saboda wani lokaci toshiyar ɓawon itacen nan tana ɓata giyar, ta riƙa warin jiƙaƙƙen kwali. Ba a wuce mutum goma zuwa goma sha biyu, don abin da kwalba ɗaya za ta zagaya ke nan. Sai neman gidan abincin da zai yarda a shigo da kwalba daga waje, a biya kuɗin buɗewa, abin da Faransawa ke kira droit de bouchon. Abin mamaki, wannan ya fi wuya a Faransa fiye da Landan ko New York, don gidajen abincin Faransa da cinikin giya suke rufe asara.

Uwar irin wannan zama ita ce Paulée ta garin Meursault a Bourgogne. Asalinta walimar gama girbi ce da mai gona ke yi wa ma'aikata. Yanzu ɗaruruwan mutane ke zama cin abincin rana har dare, kowa da kwalabensa a hammata, ana miƙawa daga tebur zuwa tebur.

Wane lokaci suka fi tururuwa Faransa?

Afrilu a Bordeaux, lokacin da dillalai da 'yan jarida ke ɗanɗana giyar bara tun tana ganga, a sa mata farashi, a saye ta shekara biyu kafin a karɓa. Sai Nuwamba a Beaune: Lahadi ta uku ake gwanjon giyar Hospices de Beaune, asibitin da Nicolas Rolin ya gina wa talakawa a 1443, wanda masu hali suka yi ta bar wa gonaki, kuma kuɗin gwanjon na tafiya ga asibiti da ayyukan jinƙai. Washegari Litinin ake Paulée. Lokacin girbi kuwa masu gona ba su da lokacin baƙo. Daga Paris jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum Bordeaux cikin kamar awa biyu tun 2017, amma manyan gidajen ba a faɗa musu haka kawai, sai an nemi izini tun da wuri.

Yaya suke tafiya da kwalaben?

Da fargaba. A yawancin filayen jirgi ba a shiga da ruwan da ya wuce mililita 100 a jakar hannu, don haka sai jakar awo, cikin akwati mai soso. Girgizar hanya tana tayar da garin da ya kwanta, shi ya sa suke so su iso da kwana biyu su tsayar da kwalbar ta natsu, ko su aika ta gidan abincin tun mako guda. Zafi shi ne babban abokin gaba. Ana ajiye ta ne a kwance a ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyin digiri 12 zuwa 14, kuma yini ɗaya a bayan mota cikin rana ya isa ya dafa abin da aka yi shekara 25 ana tattali.

Kwastan ma kowace ƙasa da nata: lita 4 ba haraji ga mai shiga Tarayyar Turai daga waje, lita 18 a Birtaniya, lita 1 kacal a Amurka. Ƙasashe irin su Kuwait kuwa shiga da ita laifi ne. Kuma wanda zai tuƙa mota a Faransa iyakarsa giram 0.5 na barasa a litar jini, sabon direba 0.2.

Nawa ake sayensu, kuma akwai jabu?

A 2018, a gwanjon Sotheby's a New York, an sayar da kwalba ɗaya ta Romanée-Conti, wani fili a Bourgogne, ta 1945 a kan dala 558,000. Filin gaba ɗayansa bai kai hekta 2 ba, kuma kwalba 600 kawai aka yi a wannan shekarar. Inda kuɗi ya kai haka, ɗan damfara ba ya nisa. Rudy Kurniawan, ɗan Indonesiya mazaunin Kalifoniya, ya yi suna ne a irin waɗannan liyafofi, yana buɗe kwalabe masu tsada kyauta har manya suka amince da shi. Asirinsa ya fara tonuwa a 2008 da ya kai gwanjo kwalaben Clos Saint-Denis na gidan Ponsot masu ɗauke da shekarun 1945 zuwa 1971, alhali gidan bai fara yin wannan giyar ba sai 1982. Mai gidan da kansa, Laurent Ponsot, ya hau jirgi ya je New York aka janye su. A 2012 aka kama Kurniawan da tarin takardun liƙawa da toshiyoyi a gidansa, aka ɗaure shi shekara 10. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne yawan gwanayen da suka sha haɗinsa suka yaba.

An gayyace ni, ni kuwa ba na sha. Me zan yi?

Ka fara raba gayyatar gida biyu. In taron na giyar ne kanta, ba ka da abin yi a wurin, ka yi godiya ka ba da haƙuri, ka nemi a haɗu shan shayi ko gahawa washegari. Malamai sun yi magana mai nauyi a kan zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma wannan tsakaninka da malaminka ne. In kuma cin abincin aiki ne da ba makawa, ka faɗa tun lokacin gayyata, kada ka bari sai an cika maka kofi. "Je ne bois pas d'alcool" ta wadatar, ba sai ka kawo dalili ba. Ƙaryar ciwon ciki ba ta da amfani, gobe ma za a sake miƙo maka.

Inda aka fi faɗawa shi ne tukunya. Boeuf bourguignon, dahuwar naman sa, da coq au vin, dahuwar kaza, da jar giya ake dafa su, haka miyar da ake kira bordelaise, kuma dahuwa ba ta korar barasar duka. Sau da yawa akwai guntayen naman alade a ciki. Ka tambaya kafin a zuba. In za ka kai tsaraba, fure ko cakulan sun isa, sai dai shi ma cakulan ɗin ka duba, wani akwai barasa a cikinsa.

An ce jar giya tana gyara zuciya.

Zancen ya bazu ne daga 1991, bayan wani shirin talabijin a Amurka ya danganta ƙarancin ciwon zuciya a Faransa da ita. Binciken baya-bayan nan ya rage masa ƙarfi ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a Janairun 2023 cewa babu adadin barasa da za a ce ba shi da illa, kuma barasa tana cikin rukunin farko na abubuwan da ke jawo kansa. Kwalbar dala dubu da ta dala biyar, hanta ba ta bambance su.

Duk Faransawa haka suke?

Ko kusa. A shekarun 1960 abin da Bafaranshe ke sha a shekara ya haura lita 100 a kan kowane mutum, yanzu bai kai rabin haka ba, kuma ja ce ta fi faɗuwa. Matasa sun koma wasu abubuwan, wasu ma ba sa sha sam. Yawancin masu sayen manyan kwalaben nan suna Amurka, Birtaniya da gabashin Asiya. Ƙaramin manomin Bordeaux da ba ya cikin kowane jeri, tun daga 2023 hukuma ke biyansa ya tumɓuke kurangarsa, an kuwa tumɓuke dubban hekta, wasu sun koma dashen zaitun.